Ka Ce Wa 'Yarka

Likitan bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ɗaga hotunan hantar Yaya, ya juya su nan ya juya su can kamar malamin da ke neman inda zai ƙara wa ɗan amininsa maki, bai samu ba, sai ya cire tabarau ya yi mana bayani da Turanci. Da ba ma jin Turancin, da tafinta ya sassauta mana, ya ce jiki yana son hutu da addu'a. To amma ni adabin Turanci na koyar a sakandare har furfura ta fito mini, Yaya kuma tsohon hedimasta ne, don haka babu kalmar da ta wuce mu. Ciwon ya bazu. Tiyata ba za ta yi amfani ba. Jirgi ma ba zai ɗauke shi zuwa gida ba sai ruwan da ya taru masa a ciki ya ja baya, in zai ja. Yaya ya yi godiya, ya gyara zaman hularsa, muka fito.

Muka hau tasi har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Yaron ya iya bayani. Da aji aka ba shi da ya riƙe."

Muna zaune ne a Hayyin Ashir, wata unguwa a Alƙahira, a wata shaƙƙa, wato ɗakunan haya, da muka kama da kayanta, can sama, ga bene ba lif. Unguwa ce da ba ta san shiru ba. Mai sayar da gas yana dukan tukunya da sufana tun hantsi, matan Masar suna zuro kwando da igiya daga baranda a saka musu burodi, a ƙasa kuma Larabcin Sudan da Hausa da wasu harsunan da ban san sunansu ba suna ta gogayya a bakin shagon mai shayi. Da rana a ɗauke wuta. Ranar farko da fanka ta tsaya, Yaya ya dube ta ya ce ashe dai ba mu yi nisa da gida ba.

Yaya yana da 'ya'ya maza, suna kiransa a waya yana yi musu faɗa kan gona da gyaran katanga, faɗan da ke nuna mini cewa da sauran ƙarfinsa. Amma akwai babbar 'yarsa, 'yar fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa na wancan zamani, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya zaman hira da shi. Kunya ce, mun gaje ta yadda muka gaji gonar bayan gari, ba wanda ya tambaye mu ko muna so. Ana yaye yarinyar aka kawo ta gidana. Matata ce ta goye ta, a hannuna ta koyi karatu, Baffa take ce mini. Shi kuwa in maganarta ta kama dole, sai ya ce "'yarka". Ranar ɗaurin aurenta ni na ba da ita, yana can ƙarshen tabarma yana nazarin takalman mutane. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, sai ya zama ni kaɗai ne hanyar da ta rage tsakaninsu.

Ba ta da halin zuwa Alƙahira, tana jego, jaririn ko arba'in bai yi ba. Waya kaɗai ta rage, wayar ma ni take kira.

"Baffa, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Yana kwance kusa da ni, in na miƙa hannu zan taɓa ƙafarsa, idonsa a kan silin, kunnensa a kan wayata. In na ajiye sai ya bari a ɗan jima, don kada a ce jira yake yi, sannan ya ce, "An ji daga can?"

Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar likitan shi ne wannan: mutumin nan yana iya barin duniya bai taɓa gaya wa yarinyar nan wata magana da ta wuce amsa gaisuwa ba, ita ma ba ta taɓa gaya masa ba.

Wata rana bayan azahar, wuta ta dawo, ina ta latsa tashoshi ina neman labarai, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Koma baya." Na koma. Wata tasha ce da ba ta nuna komai sai tsofaffin finafinan Turawa, da fassarar Larabci tana gudu a ƙasa. Hoton baƙi da fari, wani mutum cikin rigar ruwa yana tsaye ƙarƙashin fitilar titi yana kunna taba.

"Ka gane shi?"

Na gane shi. Shi ne fim na farko da na taɓa gani a duniya. Yaya ne ya kai ni, a wata silima marar rufi a Zariya, ina ɗan sakandare shi yana kwalejin horon malamai. Mun ce wa mahaifinmu za mu je duba wani abokin karatu da ba shi da lafiya, abokin da har yau yana nan garau yana kiwon tantabaru.

Fim ɗin leƙen asiri ne, daga littafi aka ɗauko shi, kuma ana cewa marubucin ya yi aikin da kansa kafin ya koma rubutu. Ina ganin gaskiya ne, don babu mai tsalle daga mota, babu mai fasa taga, taba ma ta fi harsashi ƙarewa. Labarin wani mai gyaran agogo ne a wani garin bakin teku lokacin babban yaƙi. Hafsoshi suna kawo masa agogunansu, suna tsayawa hira, yana sunkuye da gilashi a ido ɗaya yana saurare. Abin da ya ji ba shi yake kaiwa ba. Wani ƙaton mutum mai sayar da jarida ne ke zuwa kullum wai a duba masa agogo, ya karɓi saƙon, ya miƙa gaba. Mai agogo bai taɓa ganin fuskar waɗanda yake wa aiki ba, su ma ba su san tasa ba.

Tashar ta ɗauke mu marasa aikin yi, kuma ta yi daidai, don haka tana maimaita fim ɗin a kai a kai. Muka riƙa kallonsa gutsure-gutsure: yau mu sami tsakiya, gobe wuta ta ɗauke ana dab da kama wani, jibi mu sami farko. Yaya, wanda a lokacin cokali biyu na kunu ke gajiyar da shi, sai ya sa in tokare masa baya da matashi ya zauna. Yana gyara wa 'yan wasan tafiya, yana gyara wa mai fassarar Larabcin da shi kansa bai ƙware a ciki ba.

Akwai tsohuwar gardama tsakaninmu. Ni na ce littafin ya fi, shi ya ce ban taɓa yarda wani abu ya fi littafi ba, ko da abinci ne. Don in kashe bakinsa na hau ƙaramar bas zuwa kasuwar Ataba, na ratsa masu sayar da takalma da wayoyin lantarki da labule har na kai rumfunan tsofaffin littattafai. Na sha ƙura kafin in same shi, bangonsa ya rabu, wani ya taɓa ɗora masa kofin shayi a fuska. Mai rumfar ya rantse mini cewa shi kaɗai ya rage a Masar, ina kallon ɗan'uwansa a bayan kansa.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata Hajiya ce, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katsina a ƙafa za su hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gari. Yaƙi ne ya koro ta daga Omdurman. Hausarta irin ta kakarmu ce, da Larabci a barbaɗe. Tun da ta ji akwai marar lafiya take shigo mana da asida, tuwonsu na Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa, ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon a hannu tana kallon talabijin.

"Waɗannan ba su da sana'a sai shan taba? Ya Hajj, wannan kake kallo kana jinya? Ga tashar Alƙur'ani."

"Hajiya, ita nake ji da safe. Wannan na la'asar ne, maganin likita."

"Wane likita? Wannan ƙanen naka?"

"Shi ai ko ciwon kai ya duba sai ya zama na ciki."

Ranar nan tana tsaye wayata ta yi ƙara, yarinyar ce. Na amsa, na ce da sauƙi, na ce yana gaishe ki sosai, yanzun nan ma ya gama maganarki. Na ajiye. Aka ɗan jima, Yaya ya yi tambayarsa ta kullum, ya ƙara da cewa in 'yarka ta sake kira a ce ta riƙa shan kunun kanwa.

Hajiya ta ajiye kwanon a kan tebur. "Wai wace ce 'yarka 'yarka ɗin nan? Kai ka haife ta ko shi?"

Na ce 'yar fari ce.

"Na sani, ya zol, bawan Allah, ai mu ma da wannan kunyar muka zo daga can, ba mu yar a hanya ba." Ta gyara mayafinta. "Nawa na farin namiji ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, sai in ce kai, ko in ce wannan. Da muka fito shi ya tsaya gadin gida. Wayarsa ta daina shiga tun bara. Yanzu ina tuƙa asida ina kiran sunan, da ƙarfi, har maƙwabta suna zaton da baƙo a ɗakin." Ta ɗauki kwanon jiya. "Ma'alish, ku yi haƙuri. Ku ci tun da zafi."

Bayan ta fita babu wanda ya taɓa abincin. A talabijin ƙaton mai jarida yana cin wani abu a takarda, yana goge hannu a rigarsa. Don in kore shirun na ɗauko littafin na ce ga inda fim ɗin ya cuci mutumin nan. Su sun mai da shi abin dariya, mai ci kawai. A littafi kuwa shi ne ya riƙe aikin gaba ɗaya, domin ba ya kai saƙo yadda aka ba shi. In mai agogo ya aiko da magana cikin tsoro, sai ya tsince tsoron ya kai sauran. In manya sun aiko da umarni a bushe, sai ya ɗora kalmar godiya daga aljihunsa. Ta haka kowane ɓangare ya ci gaba da zaton ɗayan ya fi yadda yake.

Ina cikin bayanin, da muryar aji, na lura Yaya ba littafin yake kallo ba.

"Ashe kai ne mai jaridar," ya ce. "Har tumbin."

"Ban gane ba."

"Ni yaushe na ce sosai? Yaushe na gama maganarta? Ina kwance a nan ina jin ana yi mini ƙage."

"To ƙarya na yi?"

Ya sa na kashe talabijin, abin da bai taɓa yi ba fim ɗin yana tafiya. Ya daɗe yana shafa cikinsa da ya kumbura, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai saƙo. Wannan kada ka ƙara masa gishiri. Ka ce wa 'yarka na yafe mata duniya da lahira, ko da yake ba ta yi mini komai ba. Ita ma in akwai abin da ta riƙe, ta yafe."

Na ce, "Yaya, ni fa na yi murabus."

"Ba a murabus a wannan aikin. Ba ka karanta littafin ba?"

"Wannan saƙon ya fi ƙarfin ɗan aike. Ga waya."

A rayuwata ban taɓa yi masa musu a kan abin da ba littafi ba sai ranar. Na danna lambarta kafin ya samo amsa, na ce mata ga Baba, na sa masa wayar a hannu. Na buɗe muryar don hannunsa ba ya iya kaiwa kunne ya daɗe. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa kamar kofin da ya cika.

Na ji motsin zani, na kuma san abin da ke faruwa a can: ta sauko daga gado ta durƙusa, a ɗakinta, a Kaduna, ba mai ganinta.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Ya mai jego... ya yaron?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla."

Ina jin numfashinta, ina jin nasa, a ƙasa mai gas yana ta dukan tukunyarsa. Na ga leɓensa ya motsa. Wallahi na gani. Amma ita ma nauyin ya danne ta, ta yi abin da kowace 'yar fari mai tarbiyya za ta yi, ta nemi mafita. "Baba, ga amaryarka tana son gaishe ka." Ta miƙa wa babbar 'yarta, mai shekarun shiga firamare.

Nan take mutumin ya sake. Tsakanin kaka da jika babu kunya, wasa ne halal. "Ke amarya! Haka ake yi? Miji yana asibiti ko kunu ba ki aiko ba? To na fasa, na sami wata a Masar, fara sol, ta iya shayi." Yarinyar tana ƙyalƙyala dariya tana cewa ai shi tsoho ne ba ta so. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na karɓi wayar na ba shi ruwa. Kafin tarin ya lafa an katse.

Da ya sami numfashi ya ce, "Ka gani? Layin ba shi da kyau."

Na ce haka ne, layin Masar sai haƙuri.

Bayan magariba na fita baranda na koma bakin aikina. Na kira ta na ba ta saƙon yadda aka ba ni, ban ɗora ko wasali ba. Na kuma gaya mata abin da likita ya ce, wanda har ranar ban gaya mata ba saboda jego. Ta yi kuka irin na wadda ba ta son a ji a ɗakin kusa. Na jira. Da ta tsagaita na ce to me zan ce masa?

"Kada ka ce masa komai, Baffa."

"Yana jiran amsa."

"Wannan ba a bakinka zai ji ba. Ni zan faɗa masa. Ka bar ni in shirya kawai, ɗazu bakina ne ya ƙi."

Na ce kada shirin ya yi tsawo. Ta ce in sha Allah.

Na koma ciki na ce masa saƙo ya isa, amsa kuma mai ita ta ce da kanta za ta kawo. Ya dube ni ya ga ko gishirina ne, ya ga ba shi ba ne. Ya ce, "To." Daga nan ya sa na ajiye wayata a kan matashinsa maimakon aljihuna, wai agogonta ya fi na bango gaskiya.

Washegari ta kira, amma ya sha maganin ciwo yana barci mai nauyi, na girgiza shi bai farka ba. Ta ce a bar shi, za ta sake kira. Da ya farka na ce mu kira ta, ya ce a'a, ita ta ce za ta kawo, kada a tsaya mata a kai. Na kira ta a ɓoye, mijinta ya ɗauka ya ce sun kai jaririn rigakafi, ta bar wayar a gida. Da yamma baƙi 'yan barka suka cika mata ɗaki, ba maganar da za a yi a gaban mutane ba ce. Babu wanda ya yi laifi a cikin wannan duka. Kowa yana da hanzari mai kyau, irin wanda ni kaina zan karɓa daga ɗalibi.

A kwanakin fim ɗin ya sake zagayowa, bai ce a tokare masa baya ba. Hajiya ta daina kawo asida, ta koma kawo ruwan zafi da na'ana'a, ta zauna daga bakin ƙofa tana jan carbi. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ya buɗe ido. Sau da yawa 'ya'yansa maza ne, ko wani tsohon ɗalibi.

Ya rasu da hantsi, ranar wata Laraba, ina riƙe da hannunsa ina maimaita masa kalmar shahada. Hajiya ta sauka ta sanar da mutanenmu, ɗaliban jami'a magidanta da suka saba da hidimar gawa a garin nan, suka ce suna tafe, su za su bi takardu su nemi wuri. Na rufe shi da zanen gado. Na kira babban ɗansa namiji. Sannan na kira mijin yarinyar, domin ba a gaya wa mace mai jego mutuwar uba ta waya. Yana wurin aiki, ya ce yanzu zai kama hanya, zai biya ya ɗauki gwaggonta su je tare.

Ina zaune a gefen gadon ina jiran ɗaliban, wayar ta yi ƙara a kan matashi. Ita ce. Na bar ta ta yi ta ƙara, ta katse, ta sake. Na ɗauka.

Muryarta a sake, har da ɗan hanzari. "Baffa, ina kwana. Na kwantar da yaron, na kulle ƙofa, ba kowa. Ba shi wayar. Yau zan yi magana."

Na ce, "Maigidanki yana nan?"

"A'a, yana ofis."

"In ya shigo ki ce ya kira ni."

A hannuna ta tashi, ta san yadda nake magana in ina kewaye abu. Na ji ta zauna a kan wani abu mai ƙara, kujera ko bakin gado.

"To, Baffa," ta ce.

Ba ta kashe ba, ni ma ban kashe ba. Muna nan a haka har na ji takun ɗaliban a kan bene.